Biron Da Ba Ya Rubutu

Ranar Alhamis ta biyu bayan babbar Salla, a shekarar da aka cire tallafin mai, Jabir ya je Batsari aron littafi. Ya koma Safana ba littafi, ba kuma natsuwa.

Malamin kimiyyar noma ne a wata sakandare, da ɗalibai saba'in a aji ɗaya, ba littafi ko guda. Aka ce masa akwai wani tsohon hedimasta a Batsari, Malam Badamasi, wanda zaurensa ya cika da littattafai har rufi. Abin da mai ba da labarin ya manta shi ne Malam ba ya ba da aro.

Bayan doguwar gaisuwa, da tambayar hanya da lafiyar mutanen Safana, Malam ya nuna wani gwangwanin madara da ke bakin ƙofa da sandarsa.

"Sa bironka a nan. Biro ba ya shiga zaurena, littafi kuma ba ya fita. In kana so ka karanta, ga tabarma."

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe wa Malam gani. Yana gane mutum da itace, amma ba ya ganin baƙi a takarda. Sai ya ɗaga murya ya kira autarsa.

"Naja'atu! Ɗauko wa baƙon nan littafin noman uwarki."

Ta fito da hijabi ruwan toka, ta ɗauko littafin ba tare da ta duba inda yake ba, ta miƙa masa da hannu biyu. Jabir ya karɓa. Shi da ke tsayawa gaban yara saba'in ya yi magana awa guda, ya nemi kalmar godiya ya rasa.

"Malam, a kife ka riƙe shi," in ji ta, ta koma bakin ƙofar ciki ta zauna.

Jabir ya sa bironsa na rubutu a gwangwani, amma akwai wani a aljihunsa, wanda yayansa ya aiko masa daga Kano. Kamar biro yake, sai dai ya fi kauri, ba shi da tawada, wata 'yar fitila ce a bakinsa. In ka ja shi a kan layin rubutun ɗab'i, sai kalmomin su fito a waya. A garin da ba wuta, masu fotokwafi kuma sun kashe janareta, wannan shi ne dukiyarsa. Ya ce a ransa tunda ba ya rubutu, dokar ba ta hau kansa ba. Ya yi niyyar yi wa Malam bayani, irin niyyar nan da ake ɗagawa zuwa mako mai zuwa.

Da aka idar da sallar azahar, Malam ya tsaya hira da masu baza labarin gari a ƙofar masallaci, Jabir kuwa ya dawo zaure ya ciro biron ya ɗora a shafi.

"Innalillahi! Malam, me kake yi?" in ji Naja'atu.

"Zo ki gani. Ko ɗigo bai bari ba."

Ta duba shafin, ta ɗaga shi ga haske, ta shafa. Sannan ta dubi wayar, ga layin nan cif. Ta karɓi biron ta ja da kanta da sauri, rabin layin kawai ya fito.

"A hankali. Kamar kina zare ƙaya."

"Ka taɓa zare wa wani ƙaya ne?"

"Ban samu wanda ya yarda da hannuna ba tukuna."

Ta sunkuyar da kai. Daga ranar ta raɗa masa Malam Biro.

Littafin na marigayiya Malama Khadijatu ne, uwar Naja'atu, wadda ta koyar da noma shekara ashirin. Duk gefen shafukan ta cika su da fensir, tana jayayya da marubucin. Jabir ya ja biron a kansu, bai ɗauki komai ba, don rubutun ɗab'i kaɗai yake gani. Sai ya riƙa buga su da babban yatsansa, kowanne a ƙarƙashin layin da ta yi wa gardama. Inda hannun ya gagare shi, Naja'atu ta karanta masa. Wani lokaci ta kan tsaya a tsakiyar kalma, shi kuma ya jira.

Kowace Alhamis, ranar kasuwa, lokacin da hanya ke da jama'a, yana bisa babur. Kafin la'asar ya juya, don a shekarun nan ba mai hankalin da rana ke faɗi masa tsakanin Batsari da Safana. Sauran kwana shidan kuwa, waya ce.

"Najata, yau na koyar da shukar wake da bayanin Mama. Yara sun ce wannan littafin ya san ƙasarmu."

"Malam Biro, ka karya kumallo kuwa, ko wake ka koyar da cikinka?"

"Na sha garin kwaki ina tuna ki, sai ya zama kamar da madara."

"Allah Ya shirye ka. Ka taho da wuri Alhamis, na ajiye maka shafi na casa'in."

Littafin shafi ɗari biyu ne. Mai himma zai gama shi a zuwa huɗu. Jabir ya yi wata uku bai kai rabi ba.

Ba shi kaɗai ke kallon gidan ba. Akwai Surajo, mai sayar da hatsi, layi biyu tsakaninsu da gidan Malam. A shekarar da masara ta fi ƙarfin albashi, duk mai buhu ya zama kyakkyawa. Gwaggo Uwani, ƙanwar Malam da ke zaune a gidan, ta riga ta ba shi ƙuri'arta.

"Yaya, mai hatsi ba ya kwana da yunwa. Malamin makaranta kuwa, kai ka sani, na ga yadda ka ƙare."

Da Jabir ya turo kawunsa Armaya'u neman izini, Malam ya saurare shi har ƙarshe.

"Yaron ba shi da laifi. Amma Safana? Da wane mai za ta riƙa zuwa ganina?"

Bai faɗi sauran ba, amma kowa ya ji shi. Kullum bayan azahar Naja'atu ke karanta masa. In ta tafi, littattafan nan dubu sun zama bulo.

Alhamis ta gaba, Surajo ya shigo zauren da 'yar jakar gero ta gaisuwa, ya tarar da Jabir duƙe yana jan abu a kan shafi. Ba sharri ya ƙulla ba. Abin da ya gani ya faɗa, sai dai ya faɗe shi da muryar kasuwa.

"Baba! Kana nan ana ja maka layi a littafin marigayiya!"

Malam ya shigo yana dogara sanda. Ya laluba ya kama hannun Jabir, yatsunsa suka sauka a kan biron.

"Baba, ba ya rubutu," in ji Jabir, "wallahi ba shi da..."

"Tun yaushe?"

"Wata uku. Amma Baba..."

"Wata uku kana shigowa zauren makaho da biro a aljihu." Muryarsa ba ta tashi ba. "Ɗauki na gwangwanin ma. Allah Ya kiyaye hanya."

Naja'atu ta rantse ba tabo. Malam ya ce mai so ba ya shaida. Ya rufe littafin, ya sa a akwatin ƙarfe ya kulle, ya ce ba wanda zai ƙara buɗe shi ya gaya masa yadda aka yi wa hannun Khadijatu. Karatun azahar ma ya dakatar.

Jabir ya yi mako biyu yana koyar da darasi ɗaya.

"Najata, laifina ne. Da na gaya masa tun ranar farko."

"Laifinmu ne. Ya daina cin tuwo sosai. Surajo kuma ya turo magabatansa, Baba ya ce su dawo bayan girbi."

"An fara yankan gero."

"Na sani, Malamina. Ina kirga dami ta kan katanga."

Jabir ya zauna ƙarƙashin bishiyar bedi ta makaranta yana kallon shafukan da ya tara a waya. Wani tsohon masinja ya leƙo, ya ce rubutun ya yi masa ƙanana. Jabir ya sa yatsa biyu ya buɗa, baƙaƙen suka girma. Ya ƙara, har kalma uku suka cika fuskar wayar. Ya daɗe yana kallonsu. Washegari ya naɗe wayar da biron a cikin hula, ya ba direban bas ɗin Batsari, ya ari wayar abokin aiki ya tura saƙo.

"Kada ki karanta masa komai. Ki sa masa a hannu kawai, ki yi shiru."

Abin da ya faru, daga bakin Naja'atu ya ji shi, kuma ya sa ta maimaita masa ya fi sau goma.

Malam na zaune a zaure da hantsi. Ta sa masa wayar a tafin hannu. Ya ce ta ɗauke masa wannan abin. Sai kuma ya kawo ta dab da idonsa na dama, leɓensa ya fara motsi. Shekara uku bai karanta kalma da kansa ba. Ta nuna masa yadda ake turawa sama, ya ture hannunta, ya tura da kansa. Ya wuce bayanin takin zamani, ya wuce tazarar shuka, sai ya iso wani layi ya karanta a fili.

"Badamasi ya ce marubucin ya fi ni sanin wake. Bana za mu gani a gonar Wagini."

Ya tura kaɗan. Ƙarƙashinsa kalma biyu ne.

"Mun gani."

Malam ya yi dariya har ya sarƙe, sannan ya ja hular kansa ya rufe fuska, aka bar shi.

Da ya sauke hular ya ce a ba shi biron. Ya shinshina shi. Ya goga a tafinsa. Sannan ya miƙe hannun farar rigarsa ta Juma'a, ya ja shi tun daga kafaɗa har wuyan hannu, da ƙarfi, sau uku.

"Uwani! Ke ba kya son yaron, ke zan tambaya. Me kika gani?"

Gwaggo ta duba, ta juya hannun rigar, ta sake dubawa, da fatan Allah Ya sa ta ga tabo.

"Ba komai, Yaya."

"Ki ƙara dubawa."

"Na ce ba komai! Sai tsohon tabon goro, shi kuma kai ka yi abinka."

Alhamis Jabir ya zo ya durƙusa. Wannan karon biro biyu ya sa a gwangwani.

"Ciro mai fitilar," in ji Malam. "Shi ba biro ba ne. Kai ne dai ba ka iya magana a kan lokaci ba. Na ba ka Naja'atu. Sharaɗina, kowace Alhamis ka kawo min ita, ka ɗaukar min shafi talatin in yi mako ina karantawa. In ka rage ɗaya, ta kwana nan."

"Na yarda, Baba."

"Kuma ka san abin da ya sa na yarda maganar Khadijatu ce? Don na'ura ce ta ɗauko. Ita ba ta neman 'yar kowa. Da mutum ne ya kwafa, da na ce ya gyara don ya saye ni."

Jabir ya buɗe baki. Daga bayan ƙofar ciki aka yi tari, ƙarami, mai ma'ana. Ya rufe.

Aka ɗaura aure bayan girbi, da hantsi, don mutanen Safana su koma da rana. Ba a yi almubazzaranci ba, shekarar ba ta bar wa kowa abin yi da shi ba. Surajo ya aiko da buhun gero gudummawa, ya kuma zo da kansa ya zauna a sahun gaba, abin da ba kowane mai karatu zai iya ba. Gwaggo Uwani ta fi kowa guɗa, tana gaya wa mata ita tun farko ta ga alheri a fuskar yaron.

Ana cikin taro wayar abokin ango ta yi ƙara, ya miƙa masa.

"Angona Malam Biro, an ce Baba ya fito da wayarka yana nuna wa mutane. Ka daure."

Haka ne kuwa. Malam Badamasi na zaune tsakiyar tsofaffin ɗalibansa, wayar dab da ido, yana karanta musu gardamar wake.

"Ku ga ikon Allah. Har fensirin marigayiya ya ɗauko, bai bar ko ɗaya ba. Wannan abu ya fi surukai goma amfani." Ya juya wajen da yake jin ango. "Ko ba haka ba, Jabir?"

Liman ya ɗaga hannu, aka shiga addu'a. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya ba su zuriya mai albarka, Ya sauƙaƙa wa ƙasa, Ya tsare hanyar da za su riƙa bi, Ya jiƙan Malama Khadijatu. Malam ya laluba ya ɗora hannu a kan Jabir, ya ce Allah Ya yi muku albarka, sau uku.

Jabir ya ce amin tare da kowa. Alhamis ɗin da suka biyo baya suna da yawa, shafi talatin bai taɓa raguwa ba, kuma duk inda fensir ya bayyana a gefe, yakan juya baya kaɗan ya buga da yatsa. Ko sau ɗaya bai samu ya faɗa ba: Baba, biron ba ya ganin rubutun hannu. Ni ne.