Amaryar da Ta Tsaya a Bakin Kogi

"Ba zan haye ba!"

Solrun ta ja linzami, dokinta ya tsaya cak a bakin kogin. Rigar aurenta na naɗe cikin jakar sirdi. 'Yan rakiya da ke bayanta bisa dawakai su ma suka tsaya.

Bergljot, uwar ango, ta matso.

"Me kika ce?"

"Ba zan haye ba. Ku ma kada wanda ya shiga."

A zuriyar angon, Hjalti, amarya ce ke fara shiga kogin ranar aure, jama'a su bi ta zuwa ƙaramin cocin da ke tsallake, a gindin dutsen ƙanƙara. Haka Bergljot ta yi, haka surukarta ta yi kafin ita.

Bergljot ta ce, "Ruwan da ko cikin doki bai taɓa ba?"

"Ba zurfinsa nake tsoro ba. Shaƙi iskar nan, Bergljot... warin ruɓaɓɓen ƙwai! Dubi yadda ruwan ya yi baƙi. Wutar cikin ƙasa ce ke narkar da ƙanƙarar dutsen can ta ƙarƙashi. In ta ɓalle, ambaliya za ta taho, ko juyawa ba za mu samu yi ba."

"Yau za ta ɓalle?"

"Ban sani ba."

"Ba ki sani ba!"

Dagny, 'yar maƙwabtansu da ta daɗe tana son Hjalti, ta tuntsire da dariya.

"Abin da kika koyo a jami'a ke nan? Kogi ya yi tusa, amarya ta ruga?"

Wasu suka yi dariya. Solrun ko kallonta ba ta yi ba.

Hjalti ya sauko, ya riƙe hannunta mai sanyi.

"Masoyiyata... ki taimake ni. Ina gefenki, taku kaɗan ne."

"Mu zagaya ta gada da mota, Hjalti. Auren ba zai gudu ba."

Bergljot ta ce, "Amaryar mota ba ta shiga gidana."

"Solrun, kowa na kallonmu..."

"Su kalla! In na shiga, duk za su biyo ni, har da kakarka. Ba zan ja mutane cikin abin da ban yarda da shi ba."

Sai Dagny ta zaburi dokinta, ta faɗa ruwan.



Dagny ta fita a tsallake, tana ɗaga hularta. Bergljot ta bi ta. Ɗaya bayan ɗaya sauran suka shiga, Solrun na kiran sunayensu, ba mai waiwaye.

Hjalti ne ya rage. Idanunsa sun kaɗa.

"In na haye ba tare da ke ba, kin san ma'anarsa."

"Na sani."

"Ba kya sona ne?"

"Ina sonka, har ba na iya kallonka cikin ruwan nan. Kada ka shiga... don Allah!"

Ya saki hannunta. Ya shiga.

Ba ta koma gida ba. Ta hau tudu, ta kafa ido a bakin dutsen ƙanƙarar, don in ya ɓalle ta yi musu ihu kada su dawo. Yayyafi mai haɗe da ƙanƙara ya jiƙa ta sharkaf. Yatsunta suka sandare, haƙoranta na haɗuwa, amma ba ta motsa ba, sai da ta ga doki na ƙarshe ya dawo lafiya.

Hjalti ya wuce ta, kansa a sunkuye.

Ambaliyar ba ta zo ranar ba. Ba ta zo a shekarar ba ma.

Bergljot ta aiko cewa in ta nemi gafara gaban dangi, za a sake sa rana.

Solrun ta ce wa ɗan aiken, "Gaya mata ko gobe na ji warin nan, tsayawa zan yi."

Da bazara ta zagayo, Dagny ce ta shiga kogin a gaba.

Solrun ba ta ceci kowa ba, ba wanda ya gode mata. Ta tsaya a kan abin da ta yarda da shi, ta rasa Hjalti, kuma har yau ba ta daina sonsa ba.