Ganye a Mararraba

A wani zamani, wani saurayi kan zaga bayan gari da yayansa kowace la'asar. Yayan ne a gaba. In ya kai mararraba, sai ya ajiye ɗanyen ganye a hanyar da ya bi, don na baya.

Da yayan ya rasu, saurayin ya fita shi kaɗai. Ya kai mararraba, babu ganye. Ya waiga, babu kowa.

Ya ce, "Wa zan ajiye wa?"

Ya wuce. Can ya dawo, ya tsinko ganye, ya ajiye.

Yana zaune bakin rafi, sai ga wata tsohuwa tana haki.

"Ɗan nan, kai ne mai ganyen? Tun azahar na ɓace. Tashi mana, shige gaba!"

Ya share ido, ya shige gaba.