Cikon Na Biyar

"Cire rigar nan, Dogo! Don girman Allah ka cire ta!"

Auta ta riƙe bakin rigar wasansa da hannu biyu. A bayan ɗakin canza kaya suke tsaye, ƙarar ƙwallon kwando tana dukan siminti daga fili.

"Ki saurare ni, sanyin idona..."

"In saurari me? A gaban Umma ka durƙusa ka ce ka bar wasa. Ina wurin!"

Yayan Auta ne ya kafa wannan ƙungiya. Bara yana cikin gudu a filin nan ya dafe ƙirji ya faɗi, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa. Tun daga ranar, ko yara Umma ta ji suna buga ƙwallo a layi sai ta rufe taga. Da Dogo ya zo neman auren Auta, magana ɗaya ta yi masa: ko ƙwallo, ko 'yarta.

"Yaran ƙungiyar su huɗu suka rage," in ji Dogo. "Ɗaya ya karye, sauran sun tafi neman aiki. Alƙali ba ya fara wasa sai kowane ɓangare ya cika biyar. In ba su cika yau ba, an cire su daga gasar gaba ɗaya. Ƙungiyar Yaya fa, Auta."

"To sai ka rasa ni saboda su?"

"Ba wasa zan yi ba. In an riga an fara, ko da huɗu ana ci gaba. Tsayawa kawai zan yi, ƙwallo na fita waje in fito. Wallahi ko taɓa ta ba zan yi ba."

Ta sake shi a hankali.

"In Umma ta ji, na shiga uku..."

"Wa zai gaya mata?"

Ai kuwa akwai mai gaya mata. Auta na zama a benci ta hango farar motar Mai Kemis tana tsayawa a bakin ƙofa. Shi ne ke kai wa Umma maganin hawan jini, kullum yana zagayen maganar Auta, ita ko kallo bai ishe ta ba. Ya fito ya buɗe ɗaya ƙofar har da rusunawa.

Umma ta sauko.

Auta ta miƙe tsaye. Rabon Umma da wannan wuri tun ranar da ta zo karɓar takalman Yaya.

"Ga shi can, Umma," in ji Mai Kemis da ƙarfi. "Mai alkawari! Ni dai ban so ki gani ba, amma gaskiya ɗaya ce."

Auta ta taho da sauri ta durƙusa. "Umma, bari in yi miki bayani..."

"Rufe min baki."

Alƙali ya cilla ƙwallo sama, fili ya kaure da ihu. Dogo yana tsaye can gefe, hannuwansa a baya. Wani yaro ya jefo masa ƙwallo bisa sabo, ya kauce, ta wuce waje. 'Yan kallo suka yi masa ca.

"Dogon banza! Itace aka dasa mana?"

Ya yi wa alƙali magana, ya fito daga fili. Sai a lokacin ya ga Umma. Ya tsaya cak, sannan ya zo ya tsuguna, kansa a ƙasa.

Umma ba ta dube shi ba. Fili take kallo.

Yara huɗu suna ta haki a tsakanin ƙarti biyar. Duk inda suka tare, akwai mutum ɗaya a sake, shi kuwa sai zura ƙwallo yake a kwando. Ƙaramin cikinsu, wanda Yaya ke kawowa gida cin abinci, ya faɗi ya tashi, gwiwarsa na jini, bai ko duba ba.

Auta ta dubi Umma. Ta fara addu'a a zuci, Allah ya sa kada jininta ya hau a nan.

"Mu tafi, Umma, kin dai gani da idonki," in ji Mai Kemis.

"Na gani." Ta juyo ga Dogo. "Kai! Me ya fito da kai?"

"Alkawarin da na yi miki, Umma. Cike musu biyar kawai na yi don kada a kore su."

"Shi ne ka bar min yara huɗu ana wasa da su kamar tsumma?"

Dogo ya ɗago ya dube ta.

"Da ɗana yana nan, da ya yafe maka wannan?" Ta share ido da bakin mayafi. "Tashi ka koma. In ka ji ko tsinke ya soke ka a ƙirji, ka fito. Ka ji ni?"

"Na ji, Umma!"

"Amma Umma, alkawarin..." Mai Kemis ya fara.

"Ni aka yi wa. Je ka, shagonka ba kowa."

Dogo ya ruga wajen teburin alƙalai yana neman a mayar da shi. Auta ta kama hannun Umma, ta ji shi sanyi ƙalau.

"Umma... maganarmu fa?"

"Dogo ya turo manyansa ranar Asabar." Ta zauna a benci da ƙyar, ta damƙe hannun Auta sosai. "Kada ki sake ni. Duk sanda ya yi gudu zan rufe ido, ke ki riƙa gaya min yana tsaye."