Agogon Abba

"Saura kwana goma aurenmu, shi ne za ka ce a mayar da Abbana babban asibiti?"

Auta ce ta tare Likita a ƙofar ɗakin majinyata, idanunta jajir. Sati uku ke nan tana jinyar Abba, tun da aka yanke masa wani ɓangare na hanji.

"Rabin raina, ki saurare ni. Hanjinsa ya kasa riƙe abinci, ƙarin ruwan nan kuma ba ya isarsa. Can akwai ƙwararru da za su riƙa ba shi abinci ta jijiya."

"Wane irin ya kasa? Ni nake wanke kwanonsa, tas yake cinyewa! In auren ne ka fasa ka fito fili, kada ka fake da Abbana!"

Zuciya kuwa in ta fara zargi ba ta da birki. Nan take ta tuna yadda ya rage fara'a kwana biyu, da ƙus-ƙus ɗin da yake yi da nas a bakin taga.

"Biyo ni," kawai ya ce.

A gaban gadon ya ɗaga hannun Abba a hankali.

"Dubi maɗaurin agogon nan. Huda uku ya ƙara masa, duk da haka lilo yake yi."

Sai ya juya wajen tsohon direban da ke gadon kusa, wanda kumatunsa har sheƙi suke.

"Baba Direba, ya abincin rana?"

"Kai, yarinyar nan ta iya girki! Gishiri ne dai yau ya ɗan..." Ya kama bakinsa.

Abba ya sunkuyar da kai.

"In na ci ba ya zama, Auta, shi ya sa nake miƙa masa. In suka gane, ba za su sallame ni ba... ni kuwa so nake in ga aurenki, ko a kujera ne."

Ta durƙusa tana kuka, kunyar Likita ta rufe ta.

"Ka yafe mini... don Allah rubuta takardar tura shi babban asibitin."

"Tun jiya na rubuta. Yadda zan gaya miki ne ya gagare ni."

Ta kwance agogon daga siririn hannun Abba, ta rungume shi a ƙirji.

"Zan ajiye maka, Abba. Ranar da ya zauna a hudarsa ta farko, ranar za a yi auren."