Ledar da Manong Berting Yake Ratayewa

A garinmu da ke tsibirin Panay, idan ka ji yaro ya ce, "Sabis ɗina ya zo," to babur ɗin nan mai akwati a gefe yake nufi, wanda yake kai shi makaranta kullum. Direban yaran layinmu shi ne Manong Berting, wani dattijo da bai cika magana ba. Manong kuwa laƙabin girmamawa ne da muke kiran babban mutum da shi.

A layin akwai wata yarinya 'yar aji biyar. Kanta yana ja, ba ƙarya. Amma ni dai ban taɓa ganin mai sa ido irinta ba. Ko kaza ce ta wuce, sai ta so ta san inda za ta.

Wata safiya tana cikin babur ɗin, ta lura Manong Berting ya bar babbar hanya, ya bi ta bayan gonar ayaba. Ya tsaya a wani tsohon gida mai rufaffun tagogi. Ya zaro wata baƙar leda daga ƙarƙashin kujerarsa, ya rataye a ƙyaure. Bai yi sallama ba, bai kira kowa ba. Ya waiga hagu da dama, ya ja babur.

Washegari ma haka ya yi.

"Manong, me ke cikin ledar nan?" ta tambaye shi.

"Janye ƙafarki ciki, kada taya ta taɓa ki," in ji shi. Iyakar amsar ke nan.

To fa. Daga nan ta sa masa ido sosai. Ran nan bakin ledar ya buɗe, ta hango kwano mai jan murfi, da tabon ƙuna a gefe. Ai kwanon gidansu ne!

Ta raɗa wa Renante, yaron da yake zama kusa da ita. "Kwanonmu ne. Ɗauke shi ya yi daga barandarmu."

"Kin tambayi mamarki?"

"Me zan tambaya? Da idona na gani."

A ranar, Malama Villaruel ta rubuta kalmar Turanci services a allo.

"Wa zai gaya mini ma'anarta?"

"Babur ɗin makaranta, Malama," in ji wani yaro. Aji ya yi dariya.

"Ba ka yi kuskure ba, haka muke faɗa a nan," in ji malama. "Amma kalmar ta fi haka faɗi. Hidima ce, wato aikin da mutum yake yi domin amfanin wasu. Likita yana yi, mai gyaran famfo yana yi. Ibadar coci ma da wannan kalmar ake kiranta. Tana da 'yan'uwa, kamar help da duty. To, wa zai ba mu misalin mai hidima a unguwarsu?"

Yarinyar ta ɗaga hannu, har tana tashi daga benci.

"Malama, direbanmu hidimar sata yake yi. Yana kwashe kwanukan mutane, yana kaiwa wani gida a ɓoye."

Yara suka kalli juna.

"Wannan magana tana da nauyi," in ji malama. "Kin tabbata?"

"Na tabbata."

"Zauna. Kada in sake jin ta, sai na ga mahaifiyarki."

Amma ina, bakin yara ba ya rufuwa. Kafin yamma zancen ya zaga layinmu. Baban Renante ya ce 'ya'yansa sun daina hawa babur ɗin. Wasu gidajen ma suka bi sahu. Wata ma ta tuna wai ta taɓa neman bokitinta ta rasa. Ni abin ya ba ni haushi ƙwarai. Mutumin da ya yi shekaru yana ɗaukar yaranmu cikin ruwa da rana, a ce magana ɗaya ta kayar da shi?

Da safe Manong Berting ya zo kamar kullum. Babu yaron da ya fito. Ya jira, ya jira, sannan ya juya da babur ɗinsa babu kowa a ciki. Yarinyar tana leƙensa ta taga, tana ganin ta yi abin kirki.

Mahaifiyarta tana sayar da kifi, tun asuba take fita. A kasuwa labarin ya same ta. Ta bar tebur ɗinta ta dawo gida, ko ƙyallen gabanta ba ta cire ba.

"Ke kika ce Manong Berting ɓarawo ne?"

"Nanay, kwanonmu na gani a wurinsa," in ji yarinyar. Nanay muke kiran uwa a nan.

"Ni na ba shi."

Uwar ta zaunar da ita.

"Gidan da yake kai ledar na Lola Pasing ne," in ji uwar. "Tsohuwar ba ta da lafiya, ba ta iya girki. 'Ya'yanta suna nesa. Ta ce gara ta kwana da yunwa da a ga ana kawo mata abinci kamar mai bara. Shi ya sa nake zuba mata shinkafa da kifi, Manong ya rataye mata shiru. Ko sisi ba ya karɓa. Ya yi mini alkawarin ba zai gaya wa kowa ba, kuma kin ga bai faɗa ba, har aka kira shi ɓarawo."

Hawaye suka cika idon yarinyar.

"Nanay, zan je in gaya wa kowa labarin Lola."

"A'a. Ba za ki tona asirin tsohuwa don ki wanke kanki ba. Za ki shiga gida gida ki gyara abin da kika ɓata, amma sunanta ba zai fito daga bakinki ba."

Wannan shi ne aiki mafi wuya da aka taɓa ba ta. Ta fara da gidan su Renante, ta sami babansa, wanda take kira Tito, wato kawu.

"Tito, abin da na faɗa ba gaskiya ba ne. Nanay ce ta ba Manong kwanon. Aikensa ta yi."

Baban Renante ya kalle ta da gefen ido. "Aiken me? Wurin wa?"

Maganar ta zo mata har bakin leɓe. Ta haɗiye.

"Ba ni da izinin faɗa, Tito. Amma Manong bai saci komai ba. Ni ce ban tambaya ba."

"Ke da bakinki ba ya shiru, yau kuma ke ce mai riƙe magana?" Ya girgiza kai. "To, na ji."

Haka ta bi layin duka, har gidana. Washegari ta tsaya gaban aji ta maimaita. Wasu suka yi mata dariya, ta daure.

Saura Manong Berting. Ta same shi yana goge babur. Ta kama hannunsa ta ɗora a goshinta, yadda muke gaida manya.

"Manong, ka yafe mini. Na ɓata maka suna."

Ya ajiye tsumman da yake goge babur da shi.

"Ya yi mini ciwo, 'yata," in ji shi. "Jikata ta tambaye ni ko da gaske ni ɓarawo ne."

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Ya isa. Na yafe. Gobe ki shirya da wuri."

Da gari ya waye, babur ya cika da yara har bayan direba. Ana ta surutu, ana ture-ture. Yarinyar ce kaɗai ta yi shiru, amma ranta fari tas.

Yara, zargi ba sani ba ne. Idan kun ga abin da ba ku gane ba, ku tambayi iyayenku kafin ku yaɗa shi. Sunan mutum yana da saurin ɓaci, gyara shi kuwa sai an sha wuya.