Fitilun Rana na Motar Alhaji Kamaruddeen

Ana idar da sallar Juma'a aka bugo wa Sufeto Abdulbasit waya daga Gidan Ɗorawa, wani ƙauye a gefen hanyar Ɗanbatta. Motar Alhaji Kamaruddeen, dillalin gyaɗa, ta ƙone a ƙofar masallaci, kuma jama'a sun riƙe wanda ake zargi.

Da ya isa, ya tarar da motar ta zama gawayi daga gaba har kujerun baya. Wata biyar ke nan da sayen ta. A gindin wata bishiyar maina kuwa wani manomi ne zaune a ƙasa, rigarsa a yage, leɓensa na jini.

"Shi ne, Yallaɓai!" in ji Alhaji, yana nuna shi da carbi. "Iliyasu ne. Shekara uku muna rigimar iyakar gona. Ya taɓa cewa sai ya ga bayana."

"Na faɗa," in ji Iliyasu. "Amma wallahi a sahu na biyu na yi salla."

Sufeto ya sa Sajen da ke tare da shi ya kai Iliyasu caji ofis, don in aka bar shi a nan sai dai a ɗauki gawarsa. Ya san kuma in laifin ya tabbata a kansa, gidan yari zai tafi, geronsa ya bushe a gona babu mai yanka.

Ya zagaya motar sau biyu. Babu galan, babu tsumma, bakin tankin mai a rufe. Ya durƙusa a gaba. A ƙasan manyan fitilu ya ga wasu siraran robobi biyu sun narke, da wata 'yar waya siririya da ta bi ta cikin injin har kan batir. Duk inda ta bi, nan wuta ta fi ci.

"Alhaji, waɗannan fa?"

"Fitilun rana ne. Irin fararen nan masu ci ko da rana tsaka."

"Wa ya saka maka?"

Alhaji ya gyara hula, alhali hular lafiyarta ƙalau. "Da su motar ta zo daga kamfani."

Washegari Sufeto ya shiga Kano, ofishin kamfanin inshorar da ke riƙe da motar. Ma'aikaciyar da ta karɓe shi, Malama Tahira, ta ɗauko fayil ta zaro hotuna huɗu.

"Ranar da muka yi mata inshora muka ɗauke su. Duba gabanta, Yallaɓai."

Babu fitilun rana ko ɗaya.

"In daga baya aka saka fa?"

"Yana cikin takardar da ya sa wa hannu. Duk wanda zai taɓa wayar mota ya ƙara wani abu, sai ya sanar da mu. In bai sanar ba, kuma wutar ta tashi daga wurin, ko sisi ba ma biya. Amma in wani ne ya cinna mata, za mu biya."

Biri ya yi kama da mutum. Alhaji na so a ɗaure maƙwabcinsa, a kuma ba shi sabuwar mota. Sufeto ya ji ransa ya ɓaci.

"Kun taɓa biya masa wani abu?"

"Bara, da tsohuwar motarsa. Ya kaɗe wata dattijuwa, Hure, tana tsallaka titi da ƙullin rama a kanta. Ta rasu. Mun ware wa iyalinta kuɗi, ɗanta ya ƙi sa hannu." Ta juya takarda. "Munir sunansa."

Da la'asar Sufeto ya ajiye hotunan a gaban Alhaji, a zaurensa.

"Ka ce da su ta zo."

Alhaji ya daɗe yana kallon su. Gumi ya tsatso masa.

"Mantuwa ce, Yallaɓai."

"Mantuwar da ta kwanar da mutum a bayan kanta a caji ofis? Wa ya saka?"

"Wani mai wayarin a bakin tashar Ɗanbatta. Sati biyu ke nan. Ban ma san sunansa ba."

Wannan dai gaskiya ya faɗa. Alhaji ba ya cikin masu tambayar sunan talaka.

Rumfar mai wayarin ta kwano ce, tsaf da ita, kowace sukundireba a ratayenta. Mai ita mutum ne siriri, zai yi shekara talatin da biyar. A jikin allon rumfar an rubuta Munir Mai Wayarin. Sufeto ya karanta sunan.

"Kai ka saka wa Alhaji Kamaruddeen fitilu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe. Yadda nake saka wa kowa na saka masa. Kayan yanzu ne ba su da ƙwari."

Sufeto ya kira direbobin tasha uku da Munir ya yi wa irin aikin, ya sa suka buɗe bonet. Kowace mota da waya mai kauri, an naɗe ta da kyau, ga fiyus a kusa da batir, wanda ke yanke wuta in waya ta yi zafi. Direbobin har rige-rigen yabon aikinsa suke yi.

"A motar Alhaji babu fiyus," in ji Sufeto.

"Wataƙila ya ƙone."

"Saje, duba min ƙarƙashin bencin nan."

Saje ya jawo kwalin fitilun. A ciki ga wayar kamfani a naɗe, ga fiyus a ledarsa, ko buɗe ta ba a yi ba.

Munir ya ajiye filayar da ke hannunsa. Bai yi yunƙurin gudu ba.

"Mece ce Hure a wurinka?" in ji Sufeto.

"Innata ce."

Munir ya ci gaba.

"Ya kaɗe ta da hantsi, Yallaɓai, titi fayau. Bai zo jana'iza ba. Bai zo gaisuwa ba, ko ta uku, ko ta bakwai. Saƙo ya aiko, wai mu je inshora ce za ta yi magana da mu. Dattawa suka ce ƙaddara ce, in yi haƙuri. Na yi. Sai ga shi ya tsaya a nan da sabuwar mota, ya dube ni ido cikin ido bai gane ni ba. Ka san abin da ya ce?"

"Ina jin ka."

"Ya ce, 'Saka min fitilun nan, don tsofaffin ƙauye su riƙa hango ni suna kaucewa.' Yana dariya. Na tambaye shi ko zai sanar da inshora. Ya ce shi ba ya neman izinin kowa a kan motarsa. A nan na mayar da fiyus cikin kwali. Na ce tunda bayan inshora yake ɓuya, bari in ga inda zai ɓuya in ta juya masa baya."

"Iliyasu fa? Saura kaɗan a kashe shi saboda kai."

Munir ya sunkuyar da kai. "Na ji labari jiya, ban runtsa ba. Ku sake shi, don Allah. Ba ruwansa."

"Yau zai koma gonarsa. Shi ma Alhaji zai amsa tambaya a kan ƙaryar da ya yi masa." Sufeto ya matso kusa. "Amma ka san da motar nan ake kai 'ya'yansa makaranta kullum safe? Waya ba ta san ranar Juma'a ba, Munir. Da ranar Alhamis ta kama fa?"

Sai a lokacin ƙwalla ta zubo wa Munir.

Saje ya sa masa ankwa. Munir ya roƙi wani direba ya kulle masa rumfa, ya kai mukullin gida. A bakin motar 'yan sanda ya tsaya, ya waiwayo.

"Yallaɓai, za su biya shi?"

"Ba za su biya ba."

Munir ya gyaɗa kai, ya goge ido da kafaɗa.

"To yanzu sai ya nemo wanda zai yi magana a madadinsa," ya ce, ya shiga mota.