Wa'adin Inshorar Direba

Da hantsi wata mata ta shigo ofishin 'yan sanda da goyo, ta ce an sace mata akwatin takardu.

"Kuɗi ne a ciki?" Insifekta ya tambaya.

"Da kuɗi ne da sauƙi, ranka ya daɗe. Takardun inshorar mijina ne, da shaidar kotu cewa ya rasu. Jibi wa'adin kamfani zai cika. In ya wuce, yarana sun tashi a tutar babu."

Mijin direban babbar mota ne. Ambaliya ta tafi da shi a kan gada. An tsamo motar, ba a ga gawarsa ba.

Insifekta ya bi ta gida. A falo akwai kabad na katako inda take ajiye akwatin, ƙofarsa a buɗe. Kwaɗon yana nan a kulle, ƙarfen da ke riƙe da shi aka kwance. Ya shafa katakon, ko ƙwarzane babu. A kan taga ya ga ƙusoshin ƙarfen a jere cikin murfin kwalba.

Ya fara da ƙanen mijin, wanda ake kira Auta.

"Ina kake jiya da rana?"

"Wurin aiki, yallaɓai."

"Maigidanka ya ce ko ƙeyarka bai gani ba."

Auta ya sosa kai. "To, kallon ƙwallo na je. Don Allah kada Baba ya ji."

"Ka iya riƙe sukudireba?"

Matar ta yi dariyar da ba ta shirya ba. "Auta? Ko ƙwan fitila ne sai an kira masa mai gyara."

A bayan gida akwai rumfa, inda surukinta, tsohon kafinta, yake goge wata kujera da ba ta buƙatar guga.

"Sannu da aiki, Baba. Ka ji wani motsi jiya?"

"Barci nake, ɗana. Kunnen ma ya tsufa."

Insifekta ya zauna a kan benci. Ko'ina a teburin aikin murafen kwalba ne, kowanne da ƙusoshinsa a jere. Ya daɗe yana kallonsu, don bai so abin da ya gani ba.

"Wa ya haɗa kabad ɗin falo?"

Hannun tsohon ya tsaya. "Shi. Kafin ya koma tuƙi. Ni na koya masa."

"Ɓarawo ɓalle ƙofa yake yi, Baba. Wanda ya buɗe wannan tausayin katakon ya ji."

Tsohon ya sunkuya, ya jawo akwatin daga ƙarƙashin tarin dusar katako, ya hure shi, ya rungume.

"Ban ga gawarsa ba," ya ce. "Ban wanke shi ba, ban raka shi ba. Alƙali ne kawai ya ce ya mutu. In ta kai musu wannan, suka biya, mu ma mun yarda ke nan. Na ce bari wa'adin ya wuce, ko zai samu hanyar dawowa."

Matar tana tsaye a bakin rumfa, hawaye na zuba. "Baba, ni ma duk motar da ta tsaya sai na leƙa. Amma an koro jikokinka daga makaranta."

Ya dube ta, ya dubi goyon, sannan ya miƙa mata akwatin da hannu biyu. "Ki yafe mini, 'yata. Je ki yau, kada ki jira jibi."

"Na janye ƙarar, ranka ya daɗe," ta ce da sauri.

"Za ki janye a ofis," Insifekta ya ce a hankali. "Baba, sai ka zo ka ba da bayani. Ni da kaina zan maido ka."

Ya kama masa hannu suka fita. A bakin ƙofar gida tsohon ya waiwayo.

"'Yata, in za ki fita kada ki kulle. Bai tafi da makulli ba."